Yadda ake zaɓa tsakanin esi mai bututu da marar bututu a tirelar zama, da yadda za ka gyara wanda kake da shi

Tirelar zama da nake magana ita ce ɗan gidan nan mai taya da ake ɗaurawa a bayan mota a ja, akwai gado da kicin da banɗaki a ciki, an fi amfani da ita a Amurka da Kanada, a Turai da Ostareliya kuma karaban suke ce mata. Duk wanda ya taɓa kwana a cikinta lokacin zafi ya san bangonta siriri ne sosai, rana na dukan rufin nan da nan ciki ya koma kamar tanda, shi ya sa maganar esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, ba ƙaramar magana ba ce. Kuma kusan kowa tambaya ɗaya yake yi, wanne ya fi, mai bututu ko marar bututu? Ni dai abin da na gano bayan na sha wahalar abin shi ne tambayar ba a injin take ba, a tsarin cikin tirelarka take, kuma yawancin masu kukan esi ɗinsu baya sanyi ba sabo suke buƙata ba, iska ce ke zurarewa a cikin silin ba su sani ba.

Mataki na farko, fahimci abin da ke saman kanka

Injin da ke zaune a kan rufi kusan iri ɗaya ne a duka biyun. Kwampireso ɗaya, fanka ɗaya, yana zaune a kan rami mai faɗin inci 14 tsawo inci 14 wanda shi ne ma'aunin da kusan duk masu ƙera tirela a Amurka suke bi, kuma ƙarfinsa yawanci BTU 13,500 ne ko 15,000, BTU shi ne ma'aunin ƙarfin sanyayawa. Kamfanoni irin su Dometic da Coleman-Mach da Furrion sau da yawa injin sama ɗaya suke sayarwa, sai dai kayan da ake ɗaurawa ta ƙasa a jikin silin ne suke bambanta.

Marar bututu shi ne wanda za ka ga wani akwati ya ɗan zazzago daga silin, iska tana fitowa kai tsaye daga jikinsa ta gaba da baya, wani ma har gefe, kuma sau da yawa maɓallansa a jikin akwatin suke, ka miƙa hannu ka murɗa. Mai bututu kuwa iskar ba ta faɗowa a wurin, ana tura ta cikin wasu hanyoyi da aka shimfiɗa a tsakanin silin da rufi sai ta fito ta ƙananan ƙofofi zagayayyu da aka rarraba, ɗaya a kan gado, biyu a falo, wani lokacin har banɗaki, kuma da ma'aunin zafi na jikin bango ake sarrafa shi.

To ka tsaya a tsakiyar tirelar ka ɗaga kai. In ka ga zagayayyun ƙofofin nan a silin nesa da injin, naka mai bututu ne. In babu komai sai akwatin, marar bututu ne. Sai dai ka lura akwai ƙofofin iskar ɗumama ɗaki da suke ƙasa a daɓe ko a gindin kabad, waɗannan na hita ne mai aiki da gas, babu ruwansu da esi, kar ka haɗa su.

Mataki na biyu, ƙirga ƙofofi kafin ka ƙirga tsawo

Mutane suna son su ce tirela mai tsawon kaza sai esi kaza, eh tsawo yana da tasiri amma abin da ya fi shi shi ne bango da ƙofa. In tirelarka ɗaki ɗaya ce a buɗe, daga gado kana hango kicin kana hango ƙofar fita, irin ƙananan nan da ba su wuce ƙafa 20 ba ko sun ɗan ɗara kaɗan, gaskiya marar bututu ya ishe ka har ma ya fi, domin duk sanyin da injin ya haɗa a kanka yake sauka babu asara a hanya, ka dawo daga yawo ciki ya yi zafi ka kunna cikin ɗan lokaci ka ji wurin ya canza.

Amma da zarar akwai ɗakin kwana mai ƙofa, ko gadajen yara a can ƙurya bayan banɗaki, labari ya sauya, na tsakiya zai ja bargo yana rawar ɗari na ƙurya kuma yana zufa yana juyi, kuma in ka rufe ƙofar ɗakin shi kenan ka yanke masa iska gaba ɗaya. A nan ne bututu yake da rana. Baya sanyaya wuri da sauri kamar ɗan'uwansa amma yana raba sanyin daidai, kowa ya samu rabonsa.

Sai maganar ƙara, wadda ni a wurina babba ce domin barcina ba nauyi. Marar bututu yana da ƙara sosai tunda iskar duka ta wuri ɗaya take fita kuma injin yana saman kanka ne kai tsaye, in gadonka na ƙarƙashinsa za ka ji duk lokacin da kwampireso ya tashi, hira ma sai an ɗaga murya. Mai bututu ya fi sauƙi, ba wai shiru yake yi ba, har yanzu za ka ji shi a wajen da yake jan iska, amma a ɗakin kwana sai dai ɗan huci kawai. Akwai kuma tsayi, akwatin marar bututu yana cin 'yan inci daga silin, dogon mutum zai san da zamansa.

Mataki na uku, duba wutar da kake da ita

Wannan bai shafi bututu ba kai tsaye amma in ka tsallake shi duk sauran lissafin banza ne. A Amurka tirela tana zuwa da layin amp 30 ko amp 50. Na 30 volt 120 ne layi ɗaya, wato watt 3,600 kenan gaba ɗaya, na 50 kuwa layi biyu ne kowanne amp 50, jimilla watt 12,000, ka ga bambancin ya fi yadda lambar take nunawa nesa ba kusa ba. Esi ɗaya yana cin wajen amp 12 zuwa 16 idan yana aiki, a lokacin tashi kuma yana fizgar ninkin ba ninkin haka na ɗan daƙiƙa. Saboda haka a layin 30 esi ɗaya ne naka, kuma in ka haɗa shi da maikirowef da hitar ruwa ta lantarki lokaci guda bireka za ta faɗi, ba lalacewa ba ce lissafi ne kawai.

Dalilin da ya sa na kawo wannan, wasu in ɗakin kwanansu baya sanyi sai su ce bari su ƙara esi na biyu marar bututu a kan gadon, dabara ce mai kyau kuma manyan tireloli da yawa haka suke, wasu ma tun daga kamfani an ja waya an ajiye a wajen tagar rufin ɗakin kwana, amma sai in layinka na 50 ne. In janareta za ka yi amfani da shi, mai watt 2,000 yawanci baya iya tayar da BTU 13,500 shi kaɗai sai an sa wa esin ƙaramar na'urar nan mai sassauta fizgar tashi, irin su EasyStart, in ba haka ba ka nemi mai watt 3,000 zuwa sama. Kuma ka sayi ɗan mita mai nuna ƙarfin wuta ka soka a soket, a sansanin da masu tirela suke sauka in ya cika da mutane ranar zafi kowa ya kunna nasa wuta tana yin ƙasa, in ka ga ta sauka ƙasa da volt 108 kashe esin, raunin wuta yana cinye kwampireso a hankali.

Wani abu da ba kowa ya sani ba, ma'aunin zafi na bango da volt 12 yake aiki, wato layin batir, to in fiyus ɗinsa ya ƙone ko batir da caja sun samu matsala esin mai bututu ba zai ko motsa ba duk da akwai wuta a soket. Mai maɓallin murɗawa ba shi da wannan damuwar.

Mataki na huɗu, auna kafin ka zargi injin

Ka samo ma'aunin zafi ko da na girki ne mai tsinke. Rufe tagogi da ƙofa, kunna esi a sanyi fanka a gudu mafi ƙarfi, bar shi ya yi minti 15 zuwa 20. Sai ka auna iskar da take shiga wajen filta, ka kuma auna wadda take fitowa a ƙofa mafi kusa da injin. In bambancin ya kai digiri 15 zuwa 20 a ma'aunin Faranhait, wato wajen 8 zuwa 11 a Salsiyos, injinka lafiyarsa ƙalau, aikinsa kenan, ba a yi shi don ya mayar da tirelar firiji ba. In kana da bututu ka bi sauran ƙofofin ɗaya bayan ɗaya ka auna, ka kuma sa hannu ka ji ƙarfin iskar, in na kusa da ƙarfi na nesa kamar numfashin jariri to matsalar a hanya take.

In kuwa bambancin ƙarami ne ƙwarai ko da a kusa, kar ka yi saurin cewa gas ya ƙare. Esin rufin tirela a rufe yake ruf daga kamfani, babu bakin da ake ɗura masa gas kamar na mota, shi ya sa idan da gaske ya zube yawanci canza injin ake yi. Amma kafin a kai can akwai abin da ya fi yawan faruwa, shi ne mataki na gaba.

Mataki na biyar, buɗe murfin ka toshe ɓaraka

Wannan shi ne zuciyar maganar, kuma aikin awa ɗaya ne zuwa biyu da sukurudireba da tocila da tef na alminiyum. Da farko cire wayar tirelar daga wutar waje, kashe janareta da inbata, cire batir ma in da hali, kar ka yi wasa da wannan. Sai ka kwance murfin da ke jikin silin ka cire filta ka haska ciki.

Abin da za ka gani rami ne da aka raba biyu, gefe ɗaya iskar ɗaki mai zafi ce take hawa, ɗaya gefen sanyi ne yake saukowa, a tsakaninsu akwai ɗan shinge na soso ko na roba ko ƙarfe. Shingen nan in ya karkace ko ya bar ɓaraka a sama ko a gefe, sanyin da injin ya haɗa baya shiga ɗaki, yana tsallakawa ne ya koma cikin injin nan take yana zagaye, kai kana zufa injin kuma yana ganin ya gama aiki, har ma ƙanƙara ta kama shi. Ni tawa da na buɗe sabuwa ce fil daga kamfani amma na tarar shingen ya kwanta gefe, ga tarkacen soso da gutsuren katako an bari a bakin bututun, tef ɗin da aka liƙa rabinsa ya saki yana lilo, na yi wata biyu ina zargin injin ashe bai yi laifin komai ba, raina ya ɓaci sosai ranar domin abu ne da minti biyar zai gyara a wajen haɗawa.

Ka miƙar da shingen ka liƙe shi sama da ƙasa da gefe biyu har sai ba ka ganin hasken tocila ta ɗaya ɓangaren. Sannan ka duba bangon ramin kansa, duk inda ka ga katako tsirara ko rami da yake shiga cikin rufi ko inda waya ta ratso, liƙe shi, domin ta nan ne sanyi yake tserewa cikin rufi, ta ɗaya gefen kuma injin yana zuƙo iskar rufi mai zafi. Bakin bututun ma ka gyara shi ya zama sumul yadda iska za ta shige ba tare da ta ci karo da kaifi ba. Kar ka yi amfani da tef ɗin nan mai zare ruwan toka, zafin rufi yana busar da gam ɗinsa ya saki, na alminiyum shi ne yake zama, kuma ka goge ƙura kafin ka liƙa ka danne shi da bayan cokali.

Daga nan ka bi ƙananan ƙofofin silin ka kwance su ɗaya ɗaya. Bututun nan yawanci ba wani ƙarfe ba ne, farin soso ne mai rufin alminiyum ko ma hanya ce kawai aka fafe a cikin soson rufin, kuma tsakanin bakinsa da allon silin sau da yawa akwai tazara, ka zagaye ta da tef. Ƙofa ta ƙarshe a kowane layi ka zura hannu ko wayarka ka ɗauki hoto, za ka iya tarar bututun ya wuce ta da ƙafa ɗaya ko biyu ya tafi inda babu kowa, ka cusa soso dab da bayan ƙofar ka liƙe don iskar ta juyo ƙasa. In ka ga wani wuri bututun ya lotsa, ɗan guntun faif na roba a ciki yana ɗaga shi.

Mai marar bututu ma kar ya ce ba ruwansa, shingen nan yana nan a nasa, kuma irin wannan ɓarakar ce.

Mataki na shida, koyi sarrafa shi

Mai bututu da yawa suna da wata ƙofa a jikin murfin da ake turawa ta buɗe iska ta zubo ƙasa kai tsaye ba ta bi bututu ba, kenan kana da duka biyun a hannunka. Da ka iso wuri tirela ta gasu a hanya buɗe ta falo ya huce da sauri, in dare ya yi rufe ta iska ta tafi ɗakin kwana. Za ka iya rufe ƙofa ɗaya ko biyu da ba ka buƙata don ƙara wa na nesa ƙarfi amma kar ka rufe da yawa, in iska ba ta samun mafita sai ƙanƙara ta taru. Haka kuma ranar da iska take da laima ka bar fanka a gudu mafi ƙarfi, barin ta a ƙaramin gudu shi ne babban abin da yake jawo ƙanƙara. In ta riga ta kama, alamarta iska ta ragu ruwa na ɗiga, kashe sanyin ka bar fanka kaɗai ta narkar da ita.

Ka fara kunna shi tun da safe kafin bango da kujeru su ɗauki zafi, ya fi sauƙi a riƙe sanyi da a nemo shi da rana tsaka. Inuwa, rumfar gefe, da abin tare rana a tagogi da tagar rufi suna yin aikin da ƙarin BTU ba zai yi ba. In ka kashe kwampireso ka ba shi kamar minti 3 kafin ka sake tayar da shi. Filta kuwa a wanke da ruwa da ɗan sabulu duk sati biyu in ana amfani da shi kullum, a bari ya bushe.

Mataki na bakwai, in har sai ka canza

Daga mai bututu zuwa marar bututu abu ne mai sauƙi, akwatin silin za ka canza da wanda ya dace da injinka ka toshe bakin bututun, sai dai ban ga dalilin da zai sa ka yi ba tunda ƙofar zubo iskar nan tana ba ka kusan abu ɗaya. Daga marar bututu zuwa mai bututu kuwa ban ba ka shawara ba ko kaɗan, in kamfani bai shimfiɗa hanyar a cikin rufi ba sai an ɓalle silin, ga sandunan da suke riƙe rufin ba a yanka su, kuɗin da wahalar sun fi amfanin. Ƙaramar fanka a bakin ƙofar ɗaki tana tura sanyi ciki ta fi maka, ko esi na biyu in wutarka ta ɗauka.

In injin saman ne ya mutu za ka sa sabo, tabbatar kayan ƙasan da allon sarrafawar sun dace da shi, domin ma'aunin bangon wani kamfani ba lallai ya yi magana da injin wani ba, ka ɗauki lambar samfurin tsohon kafin ka yi oda. Nauyinsa yana kaiwa kilo 30 zuwa 45, kar ka hau da shi kai kaɗai, kuma ka shimfiɗa faifan katako a rufin ka taka a kai, kar ka ja injin a kan fatar rufi ta yage. Ba gam ne yake riƙe shi ba, dogayen ƙusoshi huɗu ne daga ciki suke matse shi a kan wani soso mai kusurwa huɗu wanda shi ne yake hana ruwan sama shiga, ka sa sabon soso ka kankare tsohon tas, ka ɗaure ƙusoshin kaɗan kaɗan kusurwa da kusurwa gwargwadon yadda takardar injin ta ce, in ka matse fiye da kima soson ya mutu ruwa ya samu hanya. Bayan tafiya ta farko ka sake taɓa su domin girgizar hanya tana sassauta su. Kuma in ka buɗe murfin sama don wanke ƙura ka nisanci kafasito, wato ɗan gwangwanin nan mai wayoyi a kai, yana riƙe wuta ko bayan an cire waya, in ba ka san yadda ake sauke ta ba bar wa mai gyara wannan ɓangaren.

In kuma yanzu kake shirin sayen tirelar, ka sa mai sayarwa ya haɗa wuta ya kunna esin, ka shiga ɗakin kwana ka rufe ƙofa ka kwanta a gadon na minti goma, ka sa hannu a kowace ƙofar silin, sannan ka roƙe shi ya cire filta ka haska shingen nan da tocilar wayarka kafin ka sa hannu a takarda.